Yadda Ake Kare Na'urori Daga Katsalandan Ɗin Igiyoyin Lantarki

A ci gaba da shirinmu na wayar da kan jama'a game da kimiyya da fasaha, wannan karon za mu yi bayani a kan wani abu da kowa ya taɓa ji amma ba kowa ya san dalilinsa ba. Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, mutane suka lura cewa idan waya tana kusa da rediyo ko lasifikar masallaci, akan ji wani gurnani gab da shigowar kira. Haka kuma rediyo kan yi shuu idan aka tayar da janareta ko ana walda a maƙwabta. Masana suna kiran wannan katsalandan ɗin igiyoyin lantarki da maganaɗisu.

Dalili shi ne, duk na'urar da lantarki ke gudana a cikinta tana fitar da igiyoyi waɗanda ido ba ya gani. Idan suka shiga wayoyin wata na'urar, sai su haifar da wani lantarkin da ba a buƙata. A rediyo illar ba ta wuce ƙara ba, amma a jirgin sama ko ɗakin tiyata tana iya gurɓata saƙon da rayukan mutane suka dogara a kansa.

An daɗe da sanin maganin wannan matsala. A shekarar 1836 wani masani ɗan Ingila mai suna Michael Faraday ya lulluɓe ɗaki da fallen ƙarfe, ya nuna cewa lantarkin da ya sauka a waje yana bin jikin ƙarfen ne, ba ya kaiwa ga wanda ke ciki. Ƙarfe yana mayar da wani kaso na igiyoyin inda suka fito, yana kuma shanye wani kason ya mayar da shi zafi. Wannan na daga cikin dalilan da suke sa sabis ɗin waya ya yi rauni a shagon da aka yi da kwantena.

Sai dai ƙarfe yana da nauyi, masu ƙera jiragen sama kuwa nauyi shi ne babban abokin gabarsu, domin kowane kilo yana shan mai. Saboda haka suka koma ga zaren kabon, wanda aka bunƙasa a Amurka da Japan da Ingila daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1960. Zare ne wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Akan saƙa shi kamar tabarma, a jiƙa shi da wani irin danƙo, a gasa shi har ya daskare, sai ya zama allo mai ƙarfi marar nauyi. Kimanin rabin nauyin jirgin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a shekarar 2011, irin waɗannan haɗe-haɗe ne. Haka ma Airbus A350 da ya fara aiki a shekarar 2015.

A nan ne aka gamu da cikas. Zaren kabon yana ɗaukar lantarki, amma danƙon da ke riƙe da shi ba ya ɗauka, don haka allon ya gaza alminiyam da kusan ninki 1,000 wajen ɗaukar lantarki. Ga shi kuma an ƙiyasta cewa aradu kan faɗa wa kowane jirgin fasinja kimanin sau ɗaya a shekara. Idan lantarkin aradu bai sami hanyar wucewa cikin sauƙi ba, sai ya ƙona danƙon, ya ɓamɓare allon, ya kuma rikita na'urorin jirgin.

Injiniyoyi suna bin hanyoyi uku don gyara wannan. Ta farko ita ce shimfiɗa siririyar ragar jan ƙarfe a fatar allon kafin a yi fenti. Ta biyu ita ce shafa wa zaren kansa nikel ko jan ƙarfe kafin a saƙa shi. Ta uku ita ce cuɗa garin ƙarfe a cikin danƙon. Jan ƙarfe ya fi ɗaukar lantarki, saboda haka ya fi mayar da igiyoyi, nikel kuwa yana da ɗabi'ar maganaɗisu kuma ya fi jure tsatsa. Ana auna kariyar da ma'aunin desibel: 20 na nufin an tare kashi 99 cikin 100 na ƙarfin igiyoyin, 30 kuwa kashi 99.9.

Kowace hanya tana da nata lahanin. Yawan ƙarfe yana dawo da nauyin da aka guje wa, garin ƙarfe idan ya yi yawa yana rage ƙwarin allon, sannan alminiyam idan ya haɗu da kabon a wuri mai danshi yakan ci tsatsa da sauri. Bugu da ƙari, kariya takan lalace ne ta wajen mahaɗa da tsaga, domin igiyoyi suna kutsawa ta doguwar kafa ko da siririya ce.

Wannan darasi na ƙarshe ya shafe mu kai-tsaye. Ragar ƙarfen da ke cikin wayar dish da murfin ƙarfen inbata duk aikin kariya suke yi. Don haka muna kira ga jama'a, musamman jami'an ƙananan hukumomi masu kula da asibitocin karkara da makarantu da rijiyoyin burtsatse masu amfani da hasken rana, da su tabbatar masu gyara sun mayar da kowane murfi sun ɗaure kusoshinsa, ba su yanke ragar waya ba, ba su kuma cire wayar da ke kai lantarki ƙasa ba. A nisanta janareta da injin walda daga kayan asibiti, kada kuma a ɗaure wayar eriya tare da wayar wuta. Kafin damina ta sauka, a sa ƙwararren mai aikin lantarki ya duba sandar kare aradu a kan dogayen gine-gine, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kare mu da dukiyoyinmu, amin.