Me ya sa ba a furta «-ent» a ƙarshen «ils parlent»?

Yau za mu leƙa ajin ƴan lakwal. Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma Faransanci na nan a matsayin harshen aiki, yaranmu kuma suna yin dikte, wato shifta, da shi. Akwai wani tarko da ke cinye musu maki.

Mu ɗauki aikatau «parler», yin magana. A rubuce, «ils parlent» (suna magana) ana raba aikatau ɗin gaɓa biyu: par-lent. A baki kuwa gaɓa ɗaya ce tak: «parl». Haruffa ukun ƙarshe, e, n, t, ido ne kawai ke ganin su. Shi ya sa «il parle» (yana magana) da «ils parlent» sautinsu ɗaya. Amma «nous parlons» da «vous parlez» gaɓa biyu-biyu ne, a rubuce da a baki.

Mu Hausawa abin na ba mu wuya saboda dalili biyu. Na farko, mun saba karanta duk harafin da aka rubuta, sai yaro ya ce «parlan». Na biyu, gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu a jere, sai harshe ya ƙaro wasali, a ji «parli».

To yaya kunne zai gane mutum ɗaya ne ko da yawa? Wani lokaci akwai alama. A «ils aiment» (suna so), s ɗin «ils» na haɗewa da wasalin gaba, a ji «il-zem», alhali «il aime» «i-lem» ne. «Il finit» kuma fi-ni, «ils finissent» fi-nis. Inda babu alama, sai yaro ya duba wa ke yin aikin.

A kula dai: shirun nan na aikatau ne mai bin «ils», «elles» ko suna na jam'i. A «souvent», «parent» da «il ment», ana jin sautin ƙarshen ta hanci.

Iyaye, ko ba ku yi lakwal ba, ku sa yaro ya karanta yana tafi, kowace gaɓa tafi ɗaya. In ya zo kan «parlent» ya tafa sau biyu, ku ce ya sake. Allah ya ba yaranmu sa'a.