Tafkin Nyos: Darasin Labarin Ƙasa da Ke Bakin Ƙofarmu

A daren Alhamis, 21 ga Agusta, 1986, mazauna ƙauyukan da ke kewaye da tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, sun ji rugugi daga wajen ruwan. Damina ce, jin rugugi ba baƙon abu ba ne. Kafin gari ya waye mutum 1,746 sun riga mu gidan gaskiya, tare da dabbobi kimanin 3,500, akasarinsu shanun Fulani makiyaya. Gidaje na nan tsaye, babu gobara, babu alamar faɗa. Wasu sun cika a kan shimfiɗarsu, wasu a bakin ƙofa. Waɗanda suka fara isa wurin sun ba da labarin cewa ko ƙuda babu a kan gawarwakin, domin shi ma bai tsira ba. Ruwan tafkin, wanda aka sani shuɗi garau, ya koma ja kamar tsatsa.

Wannan abu ya faru ne kusa da iyakar Najeriya, daura da Jihar Taraba ta yau. Amma ka tambayi ɗan sakandare abin da ya koya game da duwatsu masu aman wuta, zai kawo maka Japan da Italiya da Indonesiya, ya zana dutse mai tsini da hayaƙi a samansa, ya jera dalilai da illoli kamar yadda ya haddace don jarrabawar WAEC. Ba laifinsa ba ne. An koya masa abin ne a matsayin masifar mutanen nesa, kuma a ganina nan ne babban giɓin darasin yake.

Tafkin Nyos yana zaune ne a cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya kai mita 200. Dutsen ya daɗe da daina amai, amma can ƙarƙashinsa narkakken dutse bai daina fitar da iskar kabon dayoksaid ba. Iskar tana tsattsafowa ta ƙasan tafkin, nauyin ruwan sama yana danne ta, sai ta narke a cikin ruwan ƙasa ta yi ta taruwa shekara da shekaru. Kamar kwalbar lemo ce da ba a buɗe ba: ba ka ganin kumfa sai an cire murfi. A wancan dare wani abu ya motsa ruwan, masana da yawa suna zaton zaftarewar ƙasa ce, ruwan ƙasa ya taso, iskar ta kuɓuce gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba ta tashi sama ba. Gangarowa ta yi ta bi kwaruruka, ta cika ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, ta kai nisan kilomita 25. Ba ta da launi da za a gan ta. Fitila ta mutu, numfashi ya sarƙe, mutum ya faɗi. Da yawa daga waɗanda suka tsira, a kan tudu abin ya same su.

A nan ya kamata malami ya dakata, domin amfanin ilimin ke nan: wanda ya san iskar nan nauyi gare ta, ya san tudu zai nufa, ba kwari ba. Abin da ya fi ciwo, shekara biyu kafin nan, a Agustan 1984, tafkin Monoun da ke ƙasar ta Kamaru ya yi irin wannan ɓarin, ya kashe mutum 37, amma ba a kai ga fahimtar haɗarin ba har Nyos ya biyo baya. Sai a 2001 aka kafa bututu a tsakiyar Nyos mai zuƙo ruwan ƙasa yana sakin iskar a hankali, aka ƙara biyu a 2011.

Nyos ba shi kaɗai ba ne. Yana cikin jerin duwatsun da suka faro daga tsibiran Tekun Atlantika irin su Sao Tome da Bioko, suka bi ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, suka miƙe zuwa tsaunukan Adamawa, har reshensu ya kai Biu a Jihar Borno. Tafkin Tila da ke kusa da Biu shi ma bakin tsohon dutse ne. A Filato akwai irinsu a wajen Kerang da Panyam, duk sun daɗe da lafawa. Ga kuma amsar tambayar da yara kan yi, me ya sa mutane ke zama kusa da haɗari? Ƙasar da ta samu daga toka da narkakken dutse tana da albarkar noma da kiwo, manomi da makiyayi kuwa inda abinci yake nan suke. Har ila yau, an daɗe ana fargabar raunin gefen tafkin Nyos na arewa, cewa idan ya ɓalle ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya afka wa Taraba da Binuwai. Wannan fargaba na daga cikin dalilan gina madatsar Kashimbila.

Girgizar ƙasa kuwa tushenta ɗaya da aman wuta a wurare da yawa. Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, manyan faya-faye ne da ke tafiya 'yan santimitoci a shekara. Inda suka haɗu sukan cije, ƙarfi ya yi ta taruwa, ranar da suka zame ƙasa ta girgiza. Afirka ta Yamma tana tsakiyar faifanta ne, nesa da gaɓa, shi ya sa muke cikin sauƙi, alhamdu lillahi. Sai dai sauƙi ba ya nufin babu. Akwai tsofaffin tsagogi a ƙarƙashinmu da kan motsa. Birnin Accra ya sha girgiza mai ƙarfi a 1939 har aka rasa rayuka. Mutanen Kwoi a Jihar Kaduna sun ji motsin ƙasa a 2016, na Mpape a Abuja suka ji nasu a Satumbar 2018. A Toro ta Jihar Bauchi akwai cibiyar da ke sa ido kan irin wannan motsi. Ɗalibai nawa ne aka taɓa kaiwa can su ga na'urar da idonsu?

Idan aka zo babin illoli, lissafin gawa ba ya wadatarwa sai an tambayi dalili. A 2010 girgiza mai ƙarfin maki 7.0 ta afka wa Haiti, ta hallaka mutum fiye da 100,000. Makonni kaɗan bayan haka wata mai maki 8.8 ta afka wa Chile, ƙarfinta ya ninka ta Haiti kusan sau 500, amma mamatan kimanin 500 ne. Nisan cibiyar girgizar da cunkoson jama'a sun yi tasiri, sai dai babban bambancin yana ga gini. Chile tana da dokokin gini masu tsauri kuma ana bin su, a Haiti kuwa bulo mai ƙarancin siminti da rodi marar kauri ne suka rufta wa jama'a. Mu da benaye ke rushe mana a Legas da Kano da Jos ba tare da ƙasa ta motsa ba, wannan babi da mu yake. Yaron da ke zaune a aji yau shi ne birkila ko injiniya ko jami'in ba da izinin gini na gobe.

An ma taɓa ganin darasin aji ya yi aiki nan take. A Disambar 2004, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10 tana bakin teku a Phuket ta ƙasar Thailand, ta ga ruwa yana kumfa yana canja hali. Makonni biyu kafin nan malaminta na labarin ƙasa ya nuna musu alamomin tsunami, wato ƙatuwar igiyar teku da girgizar ƙasa kan haddasa. Ta matsa wa iyayenta, suka sanar da ma'aikatan otal, aka kwashe mutane kusan 100 daga gaɓar kafin igiyar ta iso.