Birnin Gwari: Muhimmancin gyaran tsakar gida a lokacin da daji ya gagari shiga

Kafin matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari, rabin rayuwar mutumin ƙasar Birnin Gwari a dawa take. Can gonarsa ta masara take, can mata ke tsinto kaɗanya da ɗorawa, can yara ke kora dabbobi kiwo, kuma a gindin bishiyar gona ne manomi ke shimfiɗa buhu ya miƙe idan rana ta take. Gida kuwa wurin kwana ne da cin tuwo. Da dawa ta gagari shiga, sai duk wannan nauyi ya dawo kan ɗan filin da katanga ta kewaye, wato tsakar gida. Shi ya sa gyaran wannan fili ya zama batu mai muhimmanci ga lafiya da abincin iyali.

Yadda aka rasa dawa

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Wannan faɗi da duhuwar itatuwan doka ne suka ba masu ɗauke da makamai mafaka.

A watan Oktoban 2012 aka kashe kimanin mutum 20 a Dogon Dawa, yawancinsu masallata da asuba. A watan Mayun 2018 harin Gwaska ya ci rayuka fiye da 40. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin fargaba, manoma suka riƙa biyan haraji kafin a bar su su yi noma ko su kwashe amfani, ƙauyuka da dama suka watse zuwa cikin gari. A 2021 gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin mako-mako, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari kan batun sulhu, aka sake buɗe kasuwar Kara bayan shekaru tana rufe. An samu sauƙi, amma wanda ya shekara goma yana kwana da ido ɗaya ba ya sakin jiki dare ɗaya, kuma gidaje da yawa har yanzu suna ɗauke da 'yan uwan da suka baro ƙauye.

Abin da aikin hannu ke yi wa zuciya

Babban abin da ke cin ran mutum a irin wannan hali shi ne jin cewa babu abin da ke hannunsa. Ba shi ke yanke ranar da hanya za ta buɗe ba, ba shi ke sanin daren da za a kwana lafiya ba. Amma katangar da ta zube, da indararon da ya karye, da gurbin da za a dasa zogale, duk suna ƙarƙashin ikonsa: aiki ne mai farko da ƙarshe, wanda ido ke ganin sakamakonsa kafin magariba. Jikin manomi da ya saba da garma, idan ya rasa abin yi, gajiyar da ke kawo barci ma takan ƙaurace masa.

Masana sun daɗe da lura da tasirin ganin ganye. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya kwatanta marasa lafiyar da aka yi wa tiyata a wani asibiti: waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti, kuma sun fi su ƙarancin neman maganin ciwo mai ƙarfi. A Ingila, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta sa jama'a mayar da filayen gidajensu lambuna saboda ƙarancin abinci. Bahaushe bai jira waɗannan ba, domin tun asali gidansa an gina shi ne a kan zaman waje: dakali a ƙofar gida don dattawa, zaure don baƙi, tsakar gida don daka da girki da tatsuniyar dare. Ɗaki sai barci ko ruwan sama.

Da me ake farawa

Aikin yana bin shekara. A wannan yanki damina kan sauka wajen watan Mayu ta ɗauke a Oktoba, don haka rani ne lokacin gini da yaɓe. Katanga ce farko, domin ita ce sirrin gida, kuma sai da ita mata ke iya zama a waje cikin natsuwa. Ginin ƙasa daga wuri biyu yake mutuwa, kai da gindi: ruwan sama na cin samansa, wanda ya kwanta kuma na jiƙa tushensa har ya zauna. Saboda haka ana sabunta yaɓen kan katanga, a tara ƙasa a gindinta ta gangara waje, a duba indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da bango, a kuma share kwatar da ke fitar da ruwan tsakar gida.

Bayan katanga sai inuwa. A watannin Maris da Afrilu ɗakin kwano ba ya zaunuwa da rana, balle gidan da mutanensa suka ninka. Rumfar zana ko ta kara ta fi ta kwano sanyi, domin iska na ratsa ta. Idan kwano kaɗai aka samu, a ɗaga rumfar sama, a shimfiɗa karan dawa a kanta don ya tare zafin. Haka kuma daɓen siminti yana riƙe zafin rana har dare, alhali daɓen ƙasa da aka yayyafa wa ruwa da la'asar yakan huce kafin a shimfiɗa tabarma. Randar ƙasa a kan jiƙaƙƙen yashi a gefen rumfa ta cika wurin.

A nan ne matsalar daji ke sake bayyana, domin kayan gyaran gidan gargajiya daga dawa suke fitowa. Gambar da ake saƙa zana, da dirkokin rumfa, da azarar giginya, da ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a samu makuba mai hana ruwa cin bango, duk sai an fita bayan gari. Babu zanar da ta kai ran mutum, don haka inda ba a tabbatar da lafiyar wuri ba, gara a yi da abin da ke kusa: karan gonakin bakin gari, tsohon kwano, buhunan da aka ɗinke. Gayya ma tana rage kuɗin aiki. Maƙwabta su haɗu yau a wannan gida, jibi a wancan, kamar yadda mata ke haɗuwa wajen daɓe, kuma hirar da ake yi a bakin kwaɓa ita ma tana sauke wani nauyi.

Bishiya da lambun buhu

Zaɓen bishiya ya dogara da girman fili da haƙurin mai gida. Zogale ya fi sauri, ko da reshe aka kafa, cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa. Gwanda kan yi 'ya'ya cikin shekara guda. Mangwaro mai aure sai ya kai shekara 3 zuwa 4, amma inuwarsa ta 'ya'ya da jikoki ce. Darbejiya na jure fari, sai dai saiwarta na fasa bango da bakin rijiya, don haka ana ba ta tazara sosai. Kowane dashe yana buƙatar kariyar ƙaya ko tsohon kwando, in ba haka ba akuya za ta gama da shi rana ɗaya.

Inda fili ya yi kaɗan, buhu ya isa gona. Ana samun tsohon buhun taki ko na shinkafa, a huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye, a cika shi da ƙasa gauraye da takin dabbobi da ya riga ya ruɓe, domin ɗanye yana ƙona shuka. Alayyafo kan isa yanka cikin kamar mako 4, kuɓewa ta fara 'ya'ya wajen wata 2, sannan akwai rama da lalo da yakuwa da attaruhu. Ruwan wanke hatsi da na alwala sun isa ban-ruwa, amma ban da mai omo. Buhu goma a jikin katanga ba za su ciyar da gida ba, sai dai suna rage kuɗin cefane, suna ba yara aikin safe da yamma, kuma tsohon da ya bar gonarsa a ƙauye yana samun abin dubawa idan ya dawo daga masallaci.

Akwai abin kiyayewa guda: ruwan da ya kwanta. Sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana 10 ko ƙasa da haka, a tsohuwar taya ko fasasshiyar tukunya. A rufe randa da duro, a kife duk abin da ke tara ruwa, wanda zafi ya kora waje da dare kuma ya ɗaura gidan sauro ƙarƙashin rumfar.

Iyakar abin

Gyaran gida yana rage raɗaɗi, amma yana da iyaka. Wanda aka sace ya dawo, ko wadda aka kashe mijinta a gabanta, idan barci ya ƙaurace, ko firgita ta yi yawa, ko aka daina cin abinci da magana, to asibiti ya kamata a nufa. Akwai babban asibitin garin, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Haka nan lambun buhu ba zai maye gurbin gonar da ke ba da masara buhu ɗari ba. Tsare hanya da gona da kasuwa hakki ne da ke wuyan gwamnati, kuma ɗorewar sulhun 2024 ce za ta mayar da manomi dawa. Kafin hakan ta tabbata, mai gidan da ya gyara katangarsa a rani, ya kafa rumfa, ya dasa zogale da saukar ruwan farko, ya sama wa iyalinsa wurin da za su zauna da yamma su ci abinci tare.