Cigiya Ta Koma Aljihu: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Makullin shagon wani maƙwabcina ya faɗi a Ƙofar Dawanau makon jiya, tsakanin inda ya sauka daga adaidaita sahu da bakin shagon. Ya zazzage aljihu, ya tone ƙasa da ƙafa, har ya aika a kira mai fasa kwaɗo. Bayan la'asar sai ga wani yaro mai tallar ruwan leda ya kawo shi ƙofar masallaci. Wannan ne ya sa na bi diddigin na'urorin da ake yayi yanzu don gano abin da ya ɓata, na kuma tsinto waɗannan.

Wadda ta fi suna ita ce AirTag, da kamfanin Apple ya fitar a watan Afrilun 2021 kan dala 29. Ba ta fi murfin kwalba girma sosai ba, batirinta irin na agogo ne, yana kuma kai kimanin shekara guda. Abin mamakin shi ne ba ta san inda take ba. Babu GPS a cikinta, babu layin waya. Aikinta kawai ta riƙa sakin wata 'yar alama ta Bluetooth. Duk wayar iPhone da ta gifta kusa sai ta ji, ta kai rahoto a ɓoye, mai wayar ma bai sani ba. Wato cigiya ce sak irin ta unguwa, sai dai wayoyi ne ke cewa "na gan shi a wuri kaza".

A nan gizo ke saƙar. Tsaya a bakin titin Ƙofar Dawanau ka ƙirga wayoyin da ke hannun mutane: Tecno, Infinix, itel, sai raka-ni-kashi. Idan babu iPhone a kusa, AirTag kurma ce. Google ya buɗe nasa tsarin na wayoyin Android a Afrilun 2024, kuma yadda ya fito da shi, sai wayoyi da dama sun ji alamar kafin a sanar da mai kaya. Ke nan jakar da ta ɓace a cunkoson Kasuwar Dawanau ta fi saurin bayyana a kan wadda ta faɗi a lungu da daddare.

Shi kansa sunan Bluetooth na wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald, wanda ake yi wa laƙabi da mai shuɗin haƙori.

A shekarun 1980 an yi yayin wani mariƙin makulli da ke amsa fito: ka yi fito, ya yi ƙara. A ƙasar da kaka ke dungure wa jika kai idan ya yi fito da daddare, ban ga yadda za a yi ya yi kasuwa ba.

Masu babura da adaidaita sahu kuwa tasu daban ce. Na'urar da suke ɓoyewa a jikin abin hawa tana da layin waya, tana kuma sauraron taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Wasu ma da saƙon tes ake kashe injin daga nesa. Amma in kuɗin layin ya ƙare, ko ɓarawo ya rigaya ya cire waya, sai labari.

Mu dai ba yau muka fara ba. Uwar gida ta ɗaura wa kazarta ƙyalle a ƙafa, a shafa wa akuya fenti a ƙaho, fatake su rubuta suna da tawada a jikin buhun gero, alhazai su ɗaura tsumma mai launi a hannun jaka. Shari'a ma ta daɗe da tsara zancen: a Risala, da ake karantawa a zaurukan Kano, tsintuwa sai an yi cigiyarta shekara guda. Hadisi ya ce a ƙyale ɓataccen raƙumi, don yana iya kai kansa ruwa da kiwo har mai shi ya same shi. Wani hadisin kuma ya hana a ɗaga murya ana neman abin da ya ɓata a cikin masallaci. Shi ya sa a bakin ƙofa ake yi. Yawancinmu mun ga ana yin hakan, kaɗan ne suka san dalili.

Japan ta mayar da tukuici doka: mai kaya zai ba wanda ya tsinta kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na darajarsa, in kuma wata uku suka wuce ba a zo ba, ya zama na matsinci. A 2018 an kai wa 'yan sandan Tokiyo lema sama da 300,000, waɗanda aka dawo nema ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba. A Landan, ofishin kayan da aka manta a motocin haya da jiragen ƙasa ya buɗe tun 1933. A jihar Alabama ta Amurka kuwa akwai kanti guda da tun 1970 sana'arsa sayar da jakunkunan matafiya da ba a zo nema ba.

Ni dai har yanzu ban ga na'urar da ta yi abin da rediyo ya yi a Kano a watan Satumban 2023 ba. Wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta kuɗi kimanin naira miliyan 15 a adaidaita sahu. Matashin direban ya ji cigiya a rediyo, ya mayar da su.

Akwai kuma inda abin ke ɓaci. Wasu sun riƙa jefa irin waɗannan na'urori a jaka ko motar mutum don su bi sawunsa, har sai da Apple da Google suka haɗa kai a 2024, wayarka ta riƙa yi maka gargaɗi idan baƙuwar na'ura na biye da kai. In kuma za ka sayi mai arha a kasuwar waya ta Farm Centre, tambayi mai shago ko tana aiki da tsarin Google ko na Apple, domin wasu da ka yi nisa da su kaɗan sun daina jin kira.

Mafi arhar duka kyauta ce. Danna *#06# a wayarka, lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce shaidar wayar da 'yan sanda ke tambaya idan an ƙwace ko an sace. Mai layi biyu tana da biyu. Rubuta ta a takarda ka ajiye a gida, ba a cikin wayar ba.