Ajiyar Wake Don Ranar Wahala

Jama'a, karatunmu na yau a kan wake ne. Za mu ji yadda mutanen wata ƙasa mai nisa suke ajiye nasu shekara da shekaru bai lalace ba. Daga nan mu ga abin da za mu ɗauka a cikin dabararsu.

Waken pinto

A ƙasashen Meksiko da Amurka akwai wani wake da ake kira pinto. Sunan daga harshen Sifaniyanci yake, ma'anarsa mai zane. Fatarsa ruwan ƙasa ce mai haske, da roɗi-roɗi a jikinta. In an dafa shi sai zanen ya ɓace. Ba iri ɗaya ba ne da wakenmu, amma danginsu ɗaya. A Amurka babu busasshen waken da ake nomawa da yawa kamarsa, kuma jihar Dakota ta Arewa tana kan gaba wajen nomansa.

Waɗansu mutanen can suna ajiye shi a gida don ranar wahala. Guguwa takan rushe gari, kamar yadda ta yi wa birnin Niyu Olins a 2005. Ƙanƙara takan toshe hanya, a kasa zuwa kanti. A 2020 kuma, da annobar korona ta zo, mutane suka yi rububin sayen wake da shinkafa, har kantuna da yawa suka rasa na sayarwa. Wanda ya yi tanadi tun da wuri bai shiga wannan turmutsitsi ba.

Sun zaɓi wake don yana da araha, yana riƙe ciki, yana kuma gina jiki kamar nama. Ga shi ba ya saurin lalacewa.

Abokan gaban wake

Abu huɗu ne ke ɓata wake a ajiya: danshi, da zafi, da ƙwaro, da ɓera. Danshi yana sa shi fumfuna. Zafi da danshi in suka haɗu sai su taurara shi, a yini ana dafawa bai nuna ba. Ƙwaro yana huda shi ya mai da shi gari. Ɓera kuwa kowa ya san aikinsa.

Ku lura da wannan da kyau. Ƙwaro mai rai ne, yana numfashi kamar ni da ku. In aka hana shi iska, dole ya mutu, shi da tsutsarsa. Wannan shi ne tushen dabarar duka.

Yadda suke yi

Da fari sukan tsince waken, su fitar da tsakuwa da fasasshe da mai huji. Sa'an nan su tabbatar ya bushe ƙayau. Ƙa'idarsu ita ce ruwan da ke jikinsa kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In aka rufe abinci mai danshi a inda babu iska, wata muguwar ƙwayar cuta tana iya tsira a ciki, ta sa masa guba.

Na biyu, sukan zuba shi a wata leda mai kauri, mai ƙyalli, wadda ake kira Mylar. Iska ba ta ratsa ta, haske ma haka. Waɗansu kuma gwangwani suke sa shi.

Na uku, sukan jefa wani ɗan ƙunshi a ciki. Garin ƙarfe ne a cikin ƙunshin. Kun san ƙarfe yana yin tsatsa in ya sha iska. To, garin nan yana tsatsa, yana shanye sashen iska da mai rai ke numfashi da shi, watau oksijin. Ba a cin wannan ƙunshi, jefar da shi ake yi ran da aka buɗe.

Na huɗu, sai su liƙe bakin ledar da dutsen guga mai zafi, su sa ta a bokitin roba mai murfi don ɓera. Su rubuta ranar da aka rufe a jikin bokitin, su ajiye a ɗaki mai sanyi da duhu, ba a kan dandamalin ƙasa ba.

Shekara nawa yake yi?

Malaman Jami'ar Birgam Yang da ke jihar Yuta sun gwada waken pinto da ya yi wajen shekara 30 a rufe cikin gwangwani. Suka dafa, suka ba mutane su ɗanɗana. Daɗinsa ya ragu, amma yawancin waɗanda suka ci sun ce in ana cikin wahala za su ci. Sai dai ku sani, irin wannan daɗewa tana bukatar wuri mai sanyi. Inda zafi ya yi yawa, wake ba zai kai haka ba.

Tsohon wake yana da taurin kai a tukunya. Sukan jiƙa shi ya kwana, su zubar da ruwan, su dafa da sabo. Waɗansu sukan ƙara masa ɗan garin bakin soda don ya yi laushi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, aikin da kanwa ke yi ke nan a tukunyar matanmu. Kuma lalle ne ya tafasa sosai, domin irin wannan wake in bai dahu ba yana ɓata ciki. Wake da ya shekara da yawa a ajiya na ci ne, ba na shuka ba, don yawancinsa ba zai tsiro ba.

Namu fa?

Dabarar hana iska tana aiki a kan wakenmu ma. Ƙwaron wake tun a gona yake yin ƙwai a jikin kwanso, mu da kanmu muke ɗauko shi zuwa rumbu. Cikin wata kaɗan sai ka ga buhu ya koma gari.

Masana na Jami'ar Fadiyu ta Amurka, tare da masanan ƙasar Kamaru, sun fito da wani buhu mai riɓi 3. Sunansa PICS. Leda 2 ce masu kauri a ciki, da buhu a waje. Daga 2007 aka fara yaɗa shi a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. Ga yadda ake yi:

1. Shanya wake ya bushe sarai, ka bari ya huce.
2. Duba ledojin, kada a sami huji ko ƙanƙane.
3. Zuba wake, ka matse iska ta fita.
4. Ɗaure kowane riɓi daban, na ciki tukuna.
5. Ɗora buhun a kan katako, nesa da bango.
6. Kada ka buɗe sai ranar bukata.

In babu wannan buhu, jarka ko duro mai murfi mai kamawa zai yi, muddin yana da tsabta, ba a taɓa sa fetur ko magani a ciki ba. A cika shi fal har baki, don kada a bar wa iska wuri.

Kada ku zuba maganin feshin gona a cikin abin da iyali za su ci. Guba ce. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Rufi mai kyau ya ishe ku, ba sai da magani ba.

Ku da kuka koyi rubutu, ga inda zai yi muku rana. Ku rubuta wata da shekara a jikin kowane buhu. Ku fara cin tsoho, ku bar sabo. Da kaka wake yana da araha, da bazara sai ya yi tsada. Mai ajiya mai kyau zai ci da iyalinsa, ya sayar da saura da daraja. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasashe ake noman waken pinto?
2. Faɗi abu huɗu da ke ɓata wake.
3. Me ya sa ƙwaro ke mutuwa a buhu mai riɓi 3?
4. Rubuta ranar yau kamar yadda za ka rubuta ta a jikin buhu.