Birnin Akhen da Mazajensa na Dā

A yammacin Jamus, inda iyakarta ta haɗu da ta Beljiyam da ta Holan, akwai wani tsohon birni mai suna Akhen, wanda da ba don maɓuɓɓugansa na ruwan zafi ba, da wataƙila tarihi bai waiwaye shi ba. Sarki Sharliman, wanda Fafaroma ya naɗa sarkin sarakuna a Rum a shekarar 800, mutum ne mai sha'awar iyo, don haka ya kafa fadarsa a nan, ya gina majami'a mai kusurwa takwas wadda har yau take tsaye a tsakiyar babban cocin birnin, kuma a cikinta aka binne shi a 814.

Abin ta'ajibi, shi wannan sarki da ya tara malamai daga ƙasashe, ya ɗauko Alkuwin daga Ingila ya ɗora shi bisa makarantar fada, bai taɓa ƙwarewa a rubutu ba. Ainhad, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ruwaito cewa yakan ajiye alluna ƙarƙashin matashinsa domin ya gwada hannunsa idan ya samu sarari, sai dai ya fara da girma, hannu bai faɗa ba. A ganina wannan ya fi yaƙe-yaƙensa bayyana ko shi wane ne.

A 797 Sharliman ya aika manzanni wurin Halifa Haruna Rashid. Biyu suka rasu, sai wani Bayahude mai suna Ishaƙu ya komo da kyautar giwa, wadda ake kira Abul Abbas. Aka ƙetara bahar da ita zuwa Italiya, ta yi hunturu a can, sa'an nan ta haye duwatsun Alfus ta iso Akhen a 802. A 807 aka kawo daga wurin halifan agogon ruwa na tagulla, wanda yake sako ƙwallaye bisa kuge gwargwadon sa'o'i, mahaya sha biyu kuma suna fitowa ta tagoginsa. Malaman tarihin Larabawa na zamanin ba su ma ambaci wannan alaƙa ba. Ga alama a wurin Banu Abbas, zuriyar halifan, ba wani babban al'amari ba ne.

Daga 936 zuwa 1531 an naɗa sarakunan Jamus kimanin 30 a cocin. A birnin ne kuma, a 1850, wani mai suna Reuter ya riƙa samun labaran kasuwa daga Burusal ta hanyar tantabaru, kafin ya koma Landan ya kafa kamfanin dillancin labaransa.