Muryar Hoto: Yadda Mutanen Unguwa Ke Nuna Abincinsu

Masanin abinci da ya shiga unguwa riƙe da takardar tambayoyi yakan fito da amsar "me kika ci jiya?", amma da wuya ya fito da dalili. Mace za ta ce shinkafa da mai ta ci. Ba za ta ce mai sayar da ganye a bakin kwata take kasa kayanta ba, domin ba a tambaye ta hakan ba. Wannan giɓin ne ya sa wasu masu bincike suka damƙa wa mutanen unguwa kyamara, suka ce su ɗauko duk abin da ke shiga tsakaninsu da abinci.

Caroline Wang da Mary Ann Burris ne suka fara gwada dabarar a farkon shekarun 1990 a lardin Yunnan na ƙasar Sin, inda matan karkara 62 suka ɗauki hotunan rayuwarsu domin a fahimci matsalolin lafiyarsu. Daga baya aka raɗa wa dabarar sunan da ke nufin "muryar hoto".

Ɗaukar hoton rabin aiki ne. Bayan 'yan kwanaki sai a zauna da mai hoton, ya zaɓi waɗanda suka fi taɓa masa zuciya, a tambaye shi: me muke gani a nan, me ya jawo haka, me za a yi a kai? A wannan zaman ne ilimin yake fitowa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

An yi irin wannan aiki a Accra da Ho a Ghana, da kuma Nairobi a Kenya, da mutum 142 daga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, aka wallafa sakamakon a 2021. Wanda ya zata hira za ta tsaya kan sukari da maiƙo ya sha mamaki. Abin da ya fi damun mutanen shi ne tsafta: abinci a buɗe, ƙazantar muhallin da ake sayarwa, da algus a kayan abinci. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Uwar da ke tsoron gudawa za ta iya guje wa ɗanyen ganye ta saya wa yaronta biskit na leda, kuma ba jahilci ne ya sa ta ba. Wa'azin "ku ci kayan lambu" ba zai shige ta ba muddin kwatar tana nan.

Akwai inda dole a taka sannu. Matar da ke tuya a bakin hanya da wannan sana'a take ciyar da 'ya'yanta, kuma hoto guda na iya korar mata masu saye. Saboda haka ake koya wa masu ɗauka su nemi yardar mutum tukuna, idan ya ƙi su ɗauki kasko da kwata su bar fuskarsa.